Mu da Tsummanmu

Mu dai a nan gabashin Sakkwato, da mutum ya sayar da albasa ko tafarnuwa ya haɗa kuɗin Boxer, ko Allah ya ɗaga shi ya kai ga Golf 'yar Kwatano, abin da yake fara nema tsumma ne, tun kafin takardu. Tsohuwar singileti ce, ko hular sanyin da yara suka yar. Daga ranar ya ɗauki aikin da ba shi da hutun Juma'a: ana sallame asuba, kafin a dama kunu, yana ƙofar gida yana dirza.

Mu mutanen Wurno har da ƙari, ba ma cire leda. Babur zai shekara yana zirga-zirga tsakanin Achida da Lugu, ledar kamfani na nan a kan tanki, ta yage tana kaɗawa. Ka ce, "Alhaji, a hidda wagga leda mana," ya dube ka sheƙeƙe: "Wa ka hidda leda ga sabon abu?" Ranar da rana ta ƙarasa cinye ta, sai a tarar tankin ya zama launi biyu, inda ta rufe da inda ba ta rufe ba.

Abin da ba ma son ji shi ne, tsumman nan ne ke kashe ƙyallin. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ta haɗu da yashin hanyarmu. Laushi gare ta a hannu, amma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ka ɗora busasshen tsumma a kai ka murza, sanfefa ka yi wa motarka da hannunka. Mai shakka ya samu baƙar mota da tsakar rana, ya sunkuya ya dubi inda hasken ranar ya faɗa a kan bonet. Zai ga siraran karce sun kewaye hasken zobe-zobe, ɗari bisa ɗari. Na mai motar ne duka, kowace safiya da nata.

Masu fenti na cikin Sakkwato sun fi mu sanin dalili. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai a sama da suke kira kiliya. Shi ne mai ƙyallin, kaurinsa kuwa wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, bai kai silin gashi ba. In ya yi sumul haske ya dawo a miƙe, sai ka ga fuskarka a ciki. In ya kakkarce haske ya watse, mota ta yi dusu-dusu. Folish da injin goge ba ƙara komai suke yi ba, ɗan aske saman suke har ya daidaita da gindin karcen. Shi ya sa wanda ke kai motarsa goge duk ƙaramar Salla da babba, wata rana zai ga rufin ya yi fararen tabo yana ɓarewa, daga nan kuma sai sabon fenti. Tsofaffin direbobin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, sukan musa, su ce su sun goga har tsumma ya rine da launin mota ba abin da ya faru. Gaskiyarsu, galibin motocin wancan zamani fenti mai hawa ɗaya gare su a sama. Golf ɗinka ba haka take ba.

Mutanen Goronyo su da ruwa suke mana fankama. Suna da madatsar da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, mai cin ruwa kubik mita miliyan 942, don haka in ka ce musu ka sayi jarka biyu ka wanke mota sai su yi ta dariya. To amma je ka ga wankin. Bakin ruwa, ƙarfe ɗaya na rana, Omo cike da tafi, bokiti ɗaya tun daga taya har rufi. Soso ya faɗi a yashi, yaro ya ɗauka ya kaɗa sau ɗaya ya ci gaba. Omo ya kwashe duk wani kakin da ke jikin fenti, rana ta busar da kumfa kafin a ɗauraye, ruwa ya bar zane.

Na Rabah kuwa, jinin sarauta, kullum sai sun tuna maka a garinsu aka haifi Sardauna, ba sa fita ɗaurin aure da mota a dushe. Dabararsu, da mu ma muka ara, a ɗiga man gas a tsumma a shafe jiki. Tana fita tana walƙiya kuwa, sai dai kafin a kai Gandi duk ƙurar hanya ta manne, mota ta koma ja.

Sai maganar inuwa. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, dole a nemi gindin dalbejiya. Can kuma tsuntsaye ke zama, kashinsu in ya gasu a rana cin fenti yake. Awaki ma sun gane bonet wurin hutawa ne. Wani ya sayo tamfol ya lulluɓe motar da ƙurarta, iska ta kwana tana goga masa.

Kakin kirki da ake sayarwa a gwangwani, daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Brazil ake samunsa, carnauba, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80. A inuwa ake shafa shi da yamma, bayan an kwarara ruwa ya tafi da yashi kafin hannu ya taɓa, an wanke daga sama zuwa ƙasa, taya da bokitinta daban. In ya kama, ruwa dunƙulewa yake ƙwaya-ƙwaya ya gangare. A zafinmu ba ya daɗewa, sai an maimaita.

A kowace unguwa akwai dattijo guda mai farar mota a ƙarƙashin rumfar kara, wanda muke ce wa bai damu da abinsa ba, don sai Alhamis yake sa a watsa mata ruwa. Ranar sayarwa dillali ya zagaya tasa, ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya ce fes bodi ce. Ya zo kan ta sarkin dirza, ya karkata kai ya duba ta gefen rana.

"Alhaji, wagga an taɓa hwenti?"

"Wallahi ko kwana guda ban bari ƙura ta kwan bisanta ba!"

"Awo, na gani. A rage dubu ɗari biyu."