Ƙamshi a Singa, Nama a Mai Wurno

Na ji ku, Baba Alhaji, na ji ku sarai. Tun ranar da na ce ɗan garin Abu Hujar zai iya sayar da riɗinsa ta waya kuke mini dariya a inuwar rakuba, wai ruwan Nilu ya shigar wa yaron nan kai. Kawu ma har da tafa hannu: "Ya zol, riɗi da kintari ake auna shi, ba da gilashin waya ba!" To madalla. Amma wa na gani jiya yana biyan mai shayi kuɗin jabana ta manhajar Bankak? Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 takardar kuɗi ta yi wuyar gani, babu malamin da ya yi muku wa'azi, da kanku kuka koyi danna lambobi, har da gyara zaman tabarau.

Ni yau ma ba da ku nake ba, da jikokinku nake, waɗanda ke ba ku abin dariyar.

Ɗan yayata ya buɗe kanti a intanet, yana sayar da yajin agashe da dakwa da karkade. Kaya masu kyau, na shaida. Ga shi da bakin zuba. In ya hau Facebook yana ba da labarin yadda kakarsa ke soya gyaɗa kafin a daka yaji, mutanenmu da suka watse Gadarif da Kasala da Alƙahira da Jidda sai yawu ya tsinke musu. Mutum ya karanta har ƙarshe, hannu na kan aljihu, ya duba sama ya duba ƙasa, babu inda zai taɓa ya faɗa kantin. Babu farashi, babu lamba. Mai agashe ke nan ya hura wuta a Singa, ƙamshi ya tara jama'a, sannan ya ce musu ai naman yana Mai Wurno. Ku da kuke kasuwa tun kafin a haife shi, kun taɓa yin hirar ciniki a wata rumfa alhali buhunan suna wata? Inda ake hira nan ake kwance bakin buhu. Duk labarin da ya ba da kan yaji, a ƙarƙashinsa ya kamata mai karatu ya tarar da ƙofar yajin, daga wurin yajin kuma a iya komawa labarin kakar.

Sai sunan da ya raɗa wa kantin, wanda shi mai nema ke fara gani: "Barka da zuwa". Kayan kuma "Na ɗaya", "Na biyu". Allah ya shirya! Google ba ya nuna wa mai nema fiye da harafi 60 ko kusa da haka, shi kuwa ya ƙarar da su wajen gaisuwa. Gaisuwa ta zaure ce, na'ura ba ta amsa sallama. Na ce ya rubuta "Yajin agashe na Abu Hujar, rabin kilo", sunan kaya a gaba, gari na biye. Ya kuma sa da Larabci, don mai saye a Umdurman simsim zai nema, bai san riɗi ba. Dakwa kuwa sai ya fayyace cewa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce, kada wani Bakane ya aiko kuɗi yana jiran dakuwar aya, a yi abin kunya.

Na san abin da ke bakin Kawu: sabis ɗin da yau akwai, gobe babu? Wannan kam ba musu. A Fabrairun 2024 ƙasar nan kusan gaba ɗaya ta yi ɗif, Singa ta faɗi a Yuni, sai Nuwamba soja suka karɓe ta. Mun sha wuya. Amma jikan waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka tako har bakin kogin nan da ƙafa, shi ne zai ce hawa tudu neman sabis ya yi masa nisa? Haba, Kawu.

Baba Alhaji, gobe bayan La'asar ina nan tafe da yaron mu ɗauki hoton buhunanka. Ka tanadi farashin kintari na gaskiya, ba wanda kake faɗa wa dillalai ba. Jabana kuma a kanka take, tunda Bankak ɗinka na aiki.