Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Fijo Ba Tare da Uwargida Ta Yi Yaji Ba

In kuɗi na maka ƙaiƙayi a aljihu, kuma haƙuri ya yi maka yawa, ga aikin da zai raba ka da su duka biyun: farfaɗo da tsohuwar mota. A ƙasar nan, sarauniyar tsofaffi ita ce Peugeot 504, wato Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan aka buɗe masana'antar haɗa Fijo ta PAN a Kaduna a 1975. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da ita motar manyan ma'aikata, sai ta cika gari. Shi ya sa da wuya ka rasa wadda ke kwance kan bulo a unguwarku.

1. Nemo ta. Leƙa gindin dalbejiya a gidan tsohon babban sakatare, kafin 'yan jari-bola su auna ta a kilo. Magada za su ce, "Batir kawai take buƙata." Ka ce "Haka ne," ka sallami kajin da ke kwana a kujerar baya cikin mutunci.

2. Ɗaga shimfiɗar ƙasanta. In ka hango tururuwa na wucewa, tsatsa ta riga ka saye. Je ka gaida mai walda, ka tambayi iyalinsa, domin daga yau kai ke ciyar da su.

3. Zaɓi bakanike mai furfura. Yaron zamani zai zo da kwamfuta yana neman inda zai jona, alhali Fijo ba ta san wannan karatun ba. Dattijo kuwa ya kwance kafireto, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya saita wuta da kunne. Aibinsa ɗaya: in ya ce, "Alhaji, jibi ka zo ka ɗauka," tambaye shi jibin wace damina.

4. Kayan gyara suna Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Iri uku ne: orijina, ɗan Beljiyam, da wanda mai shago ya rantse a kansa tun ba ka tambaya ba. Guji na ukun.

5. A gida, kada ka ce "kashe kuɗi", ka ce "adana tarihi". Rasiɗai kuma a ɓoye su ƙarƙashin safaya, inda ko kai ba ka son dubawa.

6. Ranar fita, zaɓi ɗaurin aure. Faka a kan gangara, ka ce don inuwa ne. Buɗe bonet ko ba abin da ya lalace, dattawa za su taru, kowa ya ba da labarin tafiyarsa Maiduguri a irinta. Nan za ka sanar da su cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Kada ka ambaci cewa taka da turi ta iso.

In wani ya taya, ka ce ba ta sayarwa ba ce. Gaskiya ka faɗa: duk abin da zai bayar, ko kuɗin fenti ba zai mayar maka ba.