Huɗu a Raba wa Babu

Jiya da daddare na je zance wurin budurwata. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai ga ƙaninta da littafin lissafi, wai an ce masa Yaya ya yi jami'a. Aikin gida aka ba su, a nemo lissafin miƙaƙƙen layin da ya ratsa ɗigo biyu.

Na farkon (1, 3) da (3, 7) ne. Na gyara zaman hula. Na cire 3 daga 7, na cire 1 daga 3, na raba 4 da 2, gangarar layin ta fito 2. Na zuba ta cikin y = mx + c, sai ga y = 2x + 1. Har na ƙara musu da cewa wani Bafaranshe, René Descartes, ya wallafa littafin da ya haɗa aljebra da zane a 1637. Ba wanda ya tambaye ni.

Sai yaron ya juya shafi: (2, 1) da (2, 5). Sama 4. Ƙasa kuwa, 2 a cire 2, sifiri.

Na sake cirewa, sifiri. Na juya su, na fara da ɗigo na biyu, har yanzu sifiri. Na zaro waya na danna 4 a raba da 0, ita ma ta ce ba da ita ba. Yaron na haska mini takarda da tocila, hasken na sauka kan gumin goshina, ita kuma ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Ashe kakanta na kishingiɗe a soro yana jin komai.

"Kai abokin takara, me ya gagara?"

"Baba, huɗu ake so a raba da sifiri."

"Mutum nawa za a raba wa?"

"Babu kowa, Baba."

"To riƙe abinka mana! Ko gado ne, idan babu magaji Baitulmali ake kai shi. Huɗun mene ne ma? In awaki ne, kawo in yi maka kiwo."

Sannan ta miƙa hannu ta karɓi biron. Ta ce ai ɗigon biyu duk a kan x ɗaya suke, layin a tsaye yake ƙyam, ba a lissafa masa gangara. Ta rubuta x = 2, ta miƙa wa ƙaninta.

Daga soro tsohon ya ɗaga murya: "Matata, wannan karon shi ne zai karɓi sadaki ko ke?"