Yadda Ɗan Shekara 12 Ya Tura Ni Ƙarƙashin Tebur

A unguwarmu ta Maradi, in ana zancen gwanayen bebi-fut, wato wasan ƙwallon ƙafa na kan tebur, sunana ake fara ambata, musamman in ni ke ba da labarin. Teburin yana gindin dogon yaro kusa da fadarmu, dala biyar ake biya a buga wasa ɗaya, kuma tun ina saurayi nake murza sandunan nan har na zama magidanci mai shagon ɗinki. Dabarata guda ce tak: in ɗora tafin hannu a kan mariƙi in murza iya ƙarfina, 'yan wasana su yi ta wulwulawa kamar farfela, ƙwallo ta tafi inda Allah Ya nufa. Wani sa'in ragar abokin karawa, wani sa'in tawa, wani sa'in kaskon mai ƙosai.

Kwatsam sai samarin unguwa suka shirya gasa, kyautarta kofi da kwalin sukari. Alƙalin wani ɗalibi ne da ya zo hutu daga Yamai, da dokoki cike da wayarsa. Ya karanto mana cewa wasan yana da hukuma ta duniya, ITSF, wadda aka kafa a 2002 a Faransa. A dokarta, sanda ba ta wuce juyi ɗaya kafin ko bayan dukan ƙwallo. Ba a riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 10 a layin tsakiya, ko 15 a sauran layuka. Wanda ya fara zura biyar ya ci.

Na ce, "Ɗana, in an hana murzawa, to me ya rage?"

Ya ce, "Wasan, Baba."

Ƙuri'a ta haɗa ni da Ilu, yaron da ke tallar ruwan sanyi a bakin tasha. Na yi masa nasiha kada ya yi kuka in an gama. Ilu ya taka ƙwallo da ƙafar ɗan wasansa ta tsaya cak, ya gangara da ita ta jikin bango zuwa layin gaba, ya ja ta gefe, sai kawai na ji ƙwas! Ban ga shigarta ba, ƙararta na ji. Sau biyar na ji ƙarar nan, tawa ko ɗaya ba a ji ba.

Akwai wata al'ada da ta zo tare da teburin daga gidajen shan gahawa na Faransa: wanda aka lallasa bai ci ko ɗaya ba, sai ya bi ta ƙarƙashin tebur da rarrafe. Wannan dokar ba ta cikin wayar alƙali, amma jama'a sun haddace ta. Na shiga da babbar rigata ta shadda. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce, tumbi ya ce shi nan ya sauka. Wata ƙusa kuma ta kama aikin wuyan rigar. Sai da samari biyu suka ja ni ta ƙafa, na uku yana biye da hulata.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Uwargida ta ajiye mini tuwo ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. An ce yau ka fara rarrafe. Allah Ya nuna mana tsayuwarka."

Da na natsu sai na gano laifin na sanduna ne, sun yi tsatsa. Na faki ido da dare na tsiyaya musu man gyada. Washegari ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama kwaɓi, tururuwa suka yi sansani a layin baya, mai tebur ya ci ni tarar jika guda. Daga nan na koma kallon Frédéric Collignon, ɗan Beljiyam ɗin da ya sha lashe gasar duniya, har kuɗin intanet ɗina suka ƙare. Na kwaikwayi harbin da ake mirgina mariƙi daga wuyan hannu zuwa yatsu, na samu targaɗe. A makon nan na yanka wa wani Alhaji wando, ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo.

Da dabara ta ƙare, sai na je tasha na nemi Ilu. Muka yi ciniki: awarar dala goma kowane darasi, da yaji. Dokarsa ta farko, babu harbi. Ya nuna mini cewa 'yan wasa 11 ɗin nan a sanda huɗu suke: mai tsaron gida ɗaya, baya biyu, tsakiya biyar, gaba uku, kuma wanda ya iya fitar da ƙwallo daga biyar zuwa uku shi ke da wasa. In tsayar, in miƙa, in tare, in sake. Ya hana ni jera mai tsaron gida da ɗan baya a layi guda, don rami ɗaya suke toshewa su bar sauran a buɗe. Kullum yana cewa, "Baba, sassauta hannun, ba mai ƙwace maka."

Aikin ba daɗi, kuma ba mai tafa maka. Abin da ya hana ni gudu shi ne littafin awon shago. A bayansa nake rubuta ƙwallo nawa cikin goma ta wuce lafiya kowace rana. Tunanin kofi yana kashe mini jiki, don ya yi nisa, amma in ga lambar yau ta fi ta jiya, wannan yana sa in tashi da wuri.

A gasar bayan Sallah na fitar da mai shayi a zagayen farko, har ya daina ba ni bashi. A zagaye na biyu Ilu ya doke ni 5 da 3, ya rusuna ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari," sannan ya ƙara kuɗin awara.

An riga an fitar da ƙuri'ar gasa mai zuwa. Da ƙanwar Ilu zan kara, 'yar shekara tara, wadda sai ta taka akwatin lemo take hango tebur. Ilu ya ce tun bara rabonsa da ya ci ta. Ina nan ina atisaye safe da yamma, na kuma ɗinka wa kaina 'yar shara marar aiki a wuya, na rage tuwon dare.