Yadda Ake Sauraren Kiɗan Bazara a Tsakiyar Bazara

Makon jiya wani abokina ya matsa mini lamba in nemi kundin waƙoƙin Kaytranada na farko, mai suna 99.9%, wai kiɗan bazara ne. Laifina ɗaya, ban tambaye shi bazarar su wa ba. Ga abin da na kwaso, ko wani zai tsira.

Na ɗaya, san da wa kake hulɗa. Sunansa na yanka Louis Kevin Celestin, an haife shi a Haiti a 1992, amma a Montreal ta Kanada ya tashi. Kundin ya fito ranar 6 ga Mayu, 2016, ya kuma lashe kyautar Polaris a shekarar. Riƙe Mayun nan da kyau. A can, lokacin ne mutane ke tuɓe rigunan sanyi su fito shan hantsi kamar ƙadangaru, don rana baƙuwa ce a wurinsu. Mu kuwa tamu ta zo ta shimfiɗa tabarma ta miƙe ƙafa. Ƙanƙarar da suka shafe watanni suna kwashewa da shebur daga ƙofar gida suna tsaki, ita muke bi wa layi da kula a hannu, mai sayarwa yana hura hanci kamar hakimi. Shekaranjiya ya miƙo mini wani guntu a leda, ko kallona bai yi ba, kafin in kai gida ya zama ruwan alwala. Mai ɗumi ma.

Na biyu, sauke kundin da tsakar dare. Waƙoƙi 15 ne, kusan awa guda. Nawa ya tsaya cak a kashi 99, ni kuma na zauna ina yaba wa wayata da ta iya rubuta sunan kundi. Ashe data ce ta ƙare.

Na uku, nemi lasifika ta gaske, don daɗin kiɗan nan a ƙasa yake. Da kwamfuta Kaytranada ya haɗa shi, amma gangar ba ta tafiyar soja, tana ɗan jan ƙafa kamar mai yanga. Duk sanda babbar ta buga sai sauran sautin ya sunkuya, ya sake ɗagowa, tamkar numfashi. A kan wannan ya ɗora muryoyi masu laushi irin na soul, Syd a "You're the One", Craig David a "Got It Good". "Lite Spots" kuwa daga wata tsohuwar waƙar Gal Costa ta Brazil ta 1973 ya yanko muryar, ya sa mata ƙafafun funk. A bakin wayarka duk wannan sauro ne a gwangwani.

To ita lasifikar da me za ta yi aiki? Ina jonawa aka ɗauke wuta. Ban ƙirga uku ba maƙwabcina ya ja igiyar janaretonsa, wanda ya girke daidai tagata, hayaƙin yana shigo mini kamar haƙƙina ne. Janareton ma yana da nasa bas ɗin, sai dai bai san sunkuyawa ba, bai san ɗagowa ba, kuma ba ya ƙarewa a waƙa ta 15. Na yi wa maƙwabcin magana sau uku. "Ayya Malam, a yi haƙuri, yara ne ba sa iya barci." Ni kuma da itace aka sassaƙa ni? Wallahi wata uku ke nan ban yi barcin kirki ba, ƙurajen zafi sun cinye mini baya, wani kuma yana can yana ce mini bazara lokacin shaƙatawa ce.

Na huɗu, ko na biyar ne, kada ka kunna a gaban Inna. Na sa mata "Bus Ride", wadda kiɗa ne zalla, ta kasa kunne tana fifita da maficinta.

"Kai ɗan nan, shi mai waƙar sai yaushe zai fara?"

"Inna, ai wannan babu waƙa."

"To kuɗin me ka biya?"

Batun rawa kuwa, bar shi sai hunturu.

Gaskiya dai kundin ya haɗu. Na gane haka wajen ƙarfe uku na dare a tsakar gida, man maƙwabci ya ƙare, wata 'yar iska ta taso, "Glowed Up" mai muryar Anderson .Paak tana kunnena ɗaya, don ƙanena ya kashe ɗaya ɓarin iyafis ɗin. Ban san sanda kaina ya fara kaɗawa ba. Cajin waya ya sauka zuwa kashi 4, ga sauro, ga buƙatar tocila. "Bullets", waƙar ƙarshe, har yau tana jirana.