Wasiƙa Zuwa Ga Malam Rauta, Mai Unguwar Kwamfutoci

Malam Rauta, da fatan fitilunka na ƙyaftawa lafiya.

Ƙorafi ya yi yawa a kanka daga shagunan buga takardu na Gumel har Ɗanzomo. Kwamfutar da jiya take ganin 'yar'uwarta, yau ta ce ba ta san ta ba. Firinta na zaune kan tebur ƙiri-ƙiri, amma allo ya ce ta ɓace. Masu shago kan zargi bairos, wasu su huce kan yaron shago. Ni kai nake tuhuma. Aikinka raba wa kowace na'ura lambar gida, irin 192.168.1.5, kuma aro kake bayarwa. Da an ɗauke wuta, kafin a tada janareta, irinka da yawa sun manta wa suka ba wace lamba. Firinta ta koma gida na 8, kwamfuta tana can tana sallama a ƙofar gida na 5. Dillali a kasuwar shanu ta Maigatari, ranar Alhamis, ba ya rikita bijimin wani da na wani. Kai na'urori huɗu sun gagare ka.

Na san za ka ce Windows ce mai laifi, kuma kana da 'yar gaskiya. Tun 2017, shekarar da bairos ɗin WannaCry ya yi ɓarna a duniya, Microsoft ya fara cire tsohon tsarin SMB1 daga Windows 10, jerin kwamfutoci maƙwabta na da ya tafi tare da shi. Haka kuma in aka sauya ka da MiFi, kwamfuta kan ɗauka a tasha take, ta shige kulle. Amma wannan ɓuya ce kawai: a buga lambarta kai tsaye, sau tari za ta amsa, ko a shaida mata gida take. Naka ɓatan kuwa, lambar ce kanta ta zama ƙarya.

Za ka kuma ce ba wanda ya roƙe ka lamba ta dindindin. To, shafin saita ta yana nan, amma ka binne shi bayan kalmar sirrin da aka rubuta a ƙarƙashin cikinka, da Turanci. Wa zai kifa mai unguwa don ya karanta?

Saboda haka za a ba masu shago shawara su ɗaure firinta da lamba ɗaya, kai kuma a jona ka da batirin sola, ko ka daina suma tsakar rana.

Naka,
Maƙwabcin firinta