Madalla da Gwanin Fizge Kwanon Salansa

A ƙasar Mallawa, kai, da Dungas da Magarya baki ɗaya, Allah ya azurta mu da wani gwani da ya cancanci guɗa. Shi ne bakaniken da za a kawo wa tsohuwar mota tana kacau-kacau a ƙarƙashi, ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya kama siririn kwanon nan da ke tsakanin salansa da cikin mota, ya murɗa, ya fizge, ya wurga bayan gareji. Sannan ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce: "Maigida, ta da ta mu ji." Direba ya murɗa makulli. Tsit! Aiki ya kammala shayi bai huce ba.

Wa ya kai shi basira? Masu ƙera Toyota a Japan da masu ƙera Peugeot a Faransa, waɗanda ke ƙirga kowane noti don rage tsadar ƙira, duk sun yarda su kashe kuɗi a kan wannan kwano. Ashe ɓarnar dukiya suka yi ta yi shekara da shekaru, har sai da gwaninmu ya zo da filaya ɗaya ya gyara musu kuskure. Su dai hujjarsu ita ce bututun salansa na ɗaukar zafi mai tsanani, musamman kusa da inji, kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin motocin da ake shigowa da su daga Turai kan wuce digiri 400 in ana tafiya. A kusa da wannan wuta akwai tankin fetur, da bututun mai, da wayoyin lantarki, da bututun birki. Man birki irin DOT 3 yana tafasa a digiri 205 in sabo ne, in ya tsufa ya sha danshi kuwa yana iya tafasa a 140, kuma ran da ya tafasa direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse. Gwaninmu ya saurari wannan duka ya amsa da kalma uku: "Ba ya aiki."

A yaba masa kuma da yadda ya hutar da kansa daga bincike. Da wani mai ɓata lokaci ne, da sai ya haska tocila ya ga abin da ya faru. Girgizar hanyar burji da rairayi ta sassauta noti, ko tsatsa ta cinye shi, ko kuma ramin da ke jikin kwanon ya yi faɗi har kan notin ya zame ta ciki. Da sai ya nemo washa mai faɗi ya danne bakin ramin, ya sa sabon noti ya ɗaure. In kunnen da ke riƙe kwanon ne ya karye, da sai ya zagaya shi da babban kilif na ƙarfe ya matse, ko ya tura wa mai walda ya ɗiga masa wuta. Kayan aikin duk ba su kai kuɗin kaza ba. Amma ina martabar gwani in an gan shi kwance rabin awa saboda washa guda?

Kada a manta da ƙaninsa a sana'a, wanda ya fi shi tausayi. Shi ba ya fizgewa. Sai ya yanko robar tsohon tiyub ya ɗaure kwanon tam a jikin salansa. Kafin mota ta fita gari roba ta narke, wari ya cika hanci, kwano ya koma kiɗansa, direba ya dawo ya sake biya. Wannan shi ne sanin kasuwa.

Direban ma yana da nasa rabon yabo. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, a tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40, ya cika Hiace ɗinsa maƙil: mutane a kan buhunan riɗi da wake, akuya a bayan kujera, jarkokin fetur a ƙarƙashin ƙafafu, daidai saman inda kwanon yake a da. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙafa daga silifa ta ce: "Ɗan nan, ƙasan motarka na ƙuna." Ya ce: "Haƙuri, Inna, rana ce." In mota ta kafe a rairayi, ya yi ta ba ta wuta salansa na daɗa ɗaukar zafi. In kaka ce, ya ratse ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa, gefen tarin harawa da karan gero na wani bawan Allah da ya shekara yana noma. Irin wannan ƙarfin hali ba a saye a kasuwa.

Babbar nasarar gwanayen nan ita ce sun kawar da ƙara. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kacau-kacau ɗin nan gargaɗi ne da mota ke yi tun abu na ƙarami, su kuwa sun toshe mata baki. Yanzu fasinja na tafiya hankali kwance, ba ya jin komai, har sai ya ji ƙauri. A hanyoyin ƙauyukanmu kuwa, inda motar kashe gobara ke da nisa, asibitin da zai iya da babbar ƙuna ya fi ta nisa, ƙauri ba ya barin lokacin shawara.

Saboda haka, direba, in motarka ta fara wannan kiɗa kuma gwani ya ɗauko filaya, ka riƙe hannunsa. Ka ce ya ɗaure, ka tsaya a kansa har ya ɗaure da ƙarfe. In an riga an jefar, ka je wurin masu tsofaffin kayan mota a Magarya ko Damagaram ka nemo wani. Mutanen da ke biyanka kuɗin mota sun ba ka amanar rayukansu, kuma Allah zai tambaye ka.